Shuɗiyar Akuya

Ranar da Autan gidanmu ya dawo daga jardan riƙe da takarda, tun daga zaure yake ƙwala wa kakarsa kira. Inna ta ajiye carbi ta karɓa. Ta miƙa takardar nesa da ido, ta dawo da ita dab da hanci, ta juya samanta ya koma ƙasa. Akuya ce madam ta zana, da ƙaho da gemu da ƴar wutsiya, aka ce yaro ya cika cikinta da launi. Ya kuwa cika. Ya cika akuya, ya cika filin da take tsaye, abin da ya rage ya ƙarasa shi a hannun rigarsa. Kuma duka da shuɗi.

"Kai maigida," in ji Inna, "tun kafin a haifi ubanka nake kiwo. Na ga ja, na ga fara, na ga baƙa, na ga mai roɗi-roɗi. Wannan kuma a wace marina ta faɗa? Ko daga Ƙofar Mata ta Kano aka koro ta?"

Auta ya ce shuɗin ne ya rage sa'ad da kwali ya iso tabarmarsu. Shi bai ga abin dariya ba. An ce ya cika, ya cika.

Da la'asar na fita da takardar gindin dogon yaro inda muke zaman shayi, don in ba jama'a dariya. Ashe zance na tono, wanda ya kai mu har kiran magariba, ya kuma biyo ni cikin gida.

Mu mutanen Magarya akwai abin da muka ƙware a kai. Duk abin da lakwal ta zo da shi, da fari mu yi masa dariya, sannan mu biya kuɗinsa muna ƙunƙuni, in an kwana biyu kuma mu ce ai tun kaka da kakanni muke yin sa. Haka muka yi da jardan ɗin kansa. Wai a yi wa yaro wanka, a sa masa riga mai tsabta, a kai shi wani wuri ya yi wasa, sai ka ce an rasa tsakar gida. Yau kuwa wanda ya fi kowa yin wannan ba'a shi ne ke fara ɗora nasa a kan tankin babur da sassafe.

To cikin watan Oktoba, lokacin shiga lakwal, daidai sa'ad da amfanin gona bai gama zama kuɗi ba, sai a aiko da takardar kayan karatu. Kaye mun gane. Allo da alli mun gane. Bik ma mun gane, ko da yake na manya ne. Amma kwalin kala? Mai shayinmu ya ce shi ranar da ya ga wannan layi sai da ya sa aka sake karanta masa. "Ni na tura yaro ya koyo lissafi ya riƙe mini littafin bashi, an ce in saya masa kayan fenti. Mota zai fesa?" Mu dai kala muke ce mata, kamar ƴan uwanmu na tsallaken iyaka. Madam ce ke cewa koloriyaj, da wani irin lanƙwasa harshe, kamar sunan magani.

A ƙarshe dai muna saya. Wani ya saya wajen mai tebur, wani ya yi saƙo ga ɗan cin rani daga Kano, wani ya haɗo da igiyar shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Abin kallo kuma sai kwalin ya shigo gida. Maigida zai buɗe ya ƙirga, goma sha biyu cif, ya jefa shi cikin akwatin ƙarfe tare da takardun gona, ya danna kwaɗo. Wai kada yaro ya ɓata. An saya wa hannu abu, an kuma ɓoye don kada hannun ya taɓa shi. Mai tausayi a cikinmu shi ne mai fito da ɗaya-ɗaya kamar ƙwayar likita. Jan ba ya kwana biyu, yayan da ke ajin ƙarshe zai sace shi don jan layi ƙarƙashin kwanan wata. Baƙin kuwa in kun neme shi kun rasa, kada ku wahalar da yaro da tambaya, ku dubi girar ƴammatan gidan.

A aji kuma kore da ruwan goro ke fara mutuwa, saboda tuta. Ba yaron da zai gama jardan bai yi wa tutar Nijar launi sau goma ba: ruwan goro a sama, fari a tsakiya da ɗan da'irar rana, kore a ƙasa. Ɗan tela maƙwabcina, da ruwan goro ya ƙare masa, sai ya sa kore sama, kore ƙasa, ya bar tsakiya fari. Uban ya karɓa ya karkata takardar a tsaye, sai ga tutar Najeriya, ya ce, "To madalla. Yaro ya wuce iyakar Tinkim ba takarda ba komai, ga mu a Babban Mutum."

Madam ɗin su Auta a unguwarmu take haya, saboda haka washegari na tare ta a ƙofar gida, bayan gaisuwa na ce, "Madam, don Allah wannan shafe-shafen, karatu ne ko kuwa dabarar a sa su yi shiru ce?" Ta yi dariya ta ce, "Baban Auta, har da ta biyun, ba zan ɓoye maka ba. Amma kira mini yaran gidanku."

Aka kira Auta, ɗan shekara huɗu da rabi, da ƴar ƙanwata da ba ta daɗe da yaye ba. Madam ta shimfiɗa bayan wani tsohon kalanda a kan tabarma ta miƙa wa ƙaramar jan fensir. Yarinya ta dunƙule shi cikin tafin hannu kamar mai riƙon muciya, ta shiga tuƙi. Yatsu ba su motsa ba, wuyan hannu bai motsa ba, kafaɗa ce ke aiki, har kai da harshe suna taya ta. Layi ɗaya ya tashi daga wannan gefen takarda ya sauka kan tabarma. Sai aka ba Auta. Shi ya riƙe da yatsu huɗu, can sama kusa da gindin fensir, gwiwar hannu a sararin Allah ba ta taɓa ƙasa ba. Yana zuwa bakin layi sai ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa. Madam ta sa hannu ta saukar da yatsunsa kusa da bakin fensir, ta kwantar da gefen tafinsa a kan takarda, ta ɗauko hannunsa na hagu da ke wasa da maɓalli ta dafe masa takardar da shi. Ta ce, "Ka ga abin da nake nema? Yatsu uku: babba, manuniya, da na tsakiya a ƙasa yana tallafe. Sauran biyun su kwanta. Ranar da ya fara motsa fensir da waɗannan ukun kaɗai, ranar ya shirya wa rubutu. Akuyar nan ba komai ba ce, tarko ce. In na ce ya ja sanduna ɗari a kaye zai yi kuka a ta goma. In na ce ya sa wa akuya riga, zai ja ɗari uku bai sani ba."

Ƙanina da ke aikin jinya ya ƙara mini da nasa da dare. Ya ce ƙasusuwa 27 ne a hannun mutum, takwas daga ciki ƙanana ne a wuyan hannu, kuma jariri da guringuntsi yake zuwa a wurin. Ɗaya bayan ɗaya suke taurara, na ƙarshen sai yaro ya kai wajen shekara goma. Iko da hannu kuma daga sama yake gangarowa: kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, sannan yatsu. Ɗan wata tara ko goma ne ke fara tsintar ƙwayar gero da yatsa biyu ya kai baki. Galibi ɗan shekara uku yana iya kwaikwayon da'ira, ɗan huɗu ya gitta layi kan layi, mai kusurwa uku kuwa sai wajen biyar zuwa shida. Na tuna yadda na taɓa daka wa Auta tsawa don ya kasa rubuta sunansa yana ɗan uku. Ashe guringuntsi nake yi wa faɗa.

Da na mayar da wannan bayani majalisa, tela ne ya fara kamawa. Ya ce ai shi ma bai taɓa ba sabon yaro shadda ba. Zare yake cirewa daga keke, ya ja layuka a takardar buhun siminti, yaro ya yi ta bin su da allura tsirara har sai hujin ya daina kaucewa. Wani ɗan kabu-kabu da ya tsaya shan ruwan farko ya ce, "Wato dai birki ake koya musu. Totur kowa ya iya murɗawa." Ni a ganina duk bayanin da aka yi a ranar ba wanda ya kai wannan. Yaranmu ba ƙarfi suka rasa ba. Yaron da ke jan guga da ɗaukar dami, in ka ba shi fensir sai ya huda kaye har shafi uku. Abin da ya rage masa shi ne ya sassauta, ya tsaya inda aka ce tsaya. Kayen da muke saye kuwa ba ya da rangwame. Layukan nan sirara da ke cikinsa, tazarar milimita biyu ke tsakaninsu, tsarin wani mai kantin takardu ne na Faransa da ake kira Seyes, tun 1892. A cikin wannan matsatsin lungu ake so ɗan shekara shida ya tuƙa haruffa masu haɗe da juna, wani ya hau layi uku, wani ya sauka biyu. Wanda bai taɓa tsayar da hannunsa a bakin cikin akuya ba, ina zai iya tsayar da shi a nan?

Nan ne Malam ya gyara zama. Tun ɗazu yake saurare yana jan gemu, mun kuwa san ba zai bari lakwal ta tafi da tutar ita kaɗai ba. Ya ce wai yau ne aka gano hannu na son horo? Kolo tun yana kan babbaƙu, malam ke rubuta masa, shi kuma ya riƙa bi da yatsa yana faɗa. Ya wanke allo, ya shafa masa farar ƙasa, ya dama tawada da gawayi da ƙaro. Ranar da ya fara rubutu da kansa, alƙalamin kara ne a hannunsa, wanda in ka danne shi bakin ya buɗe, in ka cika masa tawada ya ɗiga, in ka yi sanyi ya bushe. "Wane fensir ne ke ladabtar da hannu kamar wannan?" Ba wanda ya musa. Sai tela, da ba ya barin zance ya kwanta, ya ce, "Allah gafarta Malam, to zayyanar allon sauka fa? Ba gidaje ake ja a bi su ɗaya-ɗaya a cika da ja da rawaya da kore ba?" Malam ya yi shiru kaɗan, ya ce haka ne. Tela ya ce, "Ashe mu ma muna da koloriyaj. Bambancin dai mu a ƙarshen karatu muke yi, su a farko." Har Malam sai da ya dara.

Wani daga gefe ya tada maganar zanen abu mai rai. Malam ya ce wannan darasi ne na wani zama, amma da madam za ta riƙa zana ƙwarya da tulu da mangwaro da ganyen rake, da ba mai cewa uffan. Na isar da saƙon. Ta ce tulu ma ya fi mata sauƙin zanawa, akuya ce yara suka fi so.

Wani abin da muka saba da shi har ba ma ganin girmansa: yaron nan da asuba a makarantar allo hannunsa daga dama yake tafiya zuwa hagu, da hantsi kuma a lakwal a ce ya juyo daga hagu zuwa dama. Hannu ɗaya, hanya biyu, kullum. In ya rubuta 3 ta juya baya, sai mu ce daƙiƙi ne.

A cikin gida kuma uwargida ta ce duk surutun gindin dogon yaro na maza ne da ba su san abin da ake yi a tsakar gida ba. Ta ce in dai horon yatsu ne, wa ya kai ƴa mace? Ta lissafa mini tana tankaɗe. Ɓarar gyaɗa, wadda yarinya ke matsa bakin kwanso da babban yatsa da manuniya har ya ce ƙas, daidai yatsun da madam ke nema. Tsintar tsakuwa a wake. Tsinke ganyen zogale. Kitson ƴar tsana, daga nan a koma kan ƙanwa. Carafke, a jefa dutse sama a kwashe na ƙasa a cafe kafin ya faɗo. Zura tsakiya a zare. Saƙar faifai da kaba. Ta ce lalle fa? Wace ce ta taɓa ganin mai ƙunshi ta bar lalle ya tsallake inda aka yi masa iyaka? Na ce maza ma suna da nasu: motar kara da ake fere ɓargo a soke da tsinke, shanun laka masu tozo, ɗaurin danƙon harbi, tarkon tsuntsu da gashin wutsiyar doki. Ta ce to wa ya gani yanzu? Yaushe rabon da in ga motar kara a layinmu?

Nan ta kama ni. Auta bai taɓa fere kara ba. Abin da ya iya shi ne salulata. Akwai ma wani wasa a ciki na sa launi: ka taɓa cikin doki da yatsa ɗaya, nan take ya cika da ja tsaf, ko ɗigo bai fita layi ba. Da ina nuna wa baƙi ina alfahari, wai yaro ya iya kwamfuta. Injin ne ke taka birkin, shi fasinja ne.

Amma kada mu ɗora wa salula komai, don akwai namu na gado. Mu ne masu cewa "kana ɓata takarda" ga yaron da ke yin daidai abin da aka yi takarda dominsa. Mu ne masu dukan wanda ya zana bango da gawayi, bangon da damina ɗaya za ta wanke. In madam ta ba da hoto a cika a gida, yayarsa ce za ta karɓe ta yi shi tsaf, shi yana tsaye yana kallo, da safe a kai a samo "da kyau ƙwarai", gida ya yi murna. Wasunmu kuma su damƙe hannun yaro cikin nasu su yi ta ja, shi idonsa na kan kaji. Hoton ya fito da kyau, hannun da aka so a horar ya sha hutu.

Sai bahago. A nan ni ba labari aka ba ni ba. Da hagu na fara riƙe alli, kuma mushen da ya koya mana a aji ɗaya, Allah ya jiƙansa, da gefen abin jan layi yake gyara irina, a kan gaɓoɓin yatsu, da sanyin safiya lokacin ɗari. A gida ma ludayi na jira. Cin abinci da dama, gaisuwa da dama, karɓa da dama, wannan ladabi ne da addini, ba mai jayayya, kuma yaro na koyonsa ba da wahala ba. Amma rubutu sai da aka ƙwace shi daga hannun da ya iya aka ba wanda bai iya ba. Yau ga ni, da dama tafiyar kaza, da hagu tafiyar agwagwa. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne a duniya, wato a ajin yara sittin akwai wajen shida. Madam ta ce ita takan ajiye fensir a tsakiya ne, ta ga hannun da zai ɗauka. Wasu iyayen har gida suke bin ta kan haka.

Akwai wani tsohon darekta mai ritaya da ke zama da mu, wanda ba ya magana sai shayi ya kai ruwa na uku. Shi ya ce wannan dabara ba madam ta ƙago ta ba. Wata likita ce ƴar Italiya, Mariya Montesori, da ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907. Takan ba yara faranti na ƙarfe mai huji, da'ira ko mai kusurwa, su bi bakinsa da fensir sannan su cika ciki da layukan launi, ta kuma yanka haruffa da takarda mai yashi don su riƙa shafawa da yatsa. Mai shayi ya ce, "Yashi? Har sai an manna shi a takarda? Ta zo nan mu ba ta tifa guda kyauta." Darekta ya ce a yi dariya, amma a ji ɗaya gefen. Wani malamin zane a Amurka, Biktor Lowenfel, wanda littafinsa ya fito a 1947, shi gaba ɗaya ƙin littattafan cika launi ya yi, yana ganin suna mayar da yaro mai jiran a zana masa. Darekta ya ce shi a zamaninsa tsakiya ya bi: yau a ba yaro zane ya cika, gobe a ba shi farar takarda a ja baki a yi shiru. Ya karɓi akuyar Auta ya duba ta da gilashi, ya ce layin ne aikin madam, launin kuwa ba ruwan kowa. In yaro ya ga dama ya yi ta kore.

Duk wannan fa zancen cikin gari ne, inda akwai jardan da mai tebur da mai injin kwafi. Mijin ƙanwata mushe ne a wani ƙauye cikin yankin Dungas, wadda aka cire daga Magarya ta zama gunduma mai kanta a 2011. Can, haka ma ƙauyuka da yawa wajen Malawa da Guci da Dogo-Dogo, yaro ba ya ganin jardan. Ranar da ya shiga aji ɗaya, yana ɗan shida ko bakwai, ranar ce alli ya fara shiga hannunsa. Ajin ma na zana ne, sai an gama girbi an samu kara ake kafa shi. Yara sun haura sittin, zaune a ƙasa, gwiwa ce tebur. Na tambaye shi ko yana yin koloriyaj, ya yi dariya har da tari. Amma da ya bayyana abin da yake yi, sai na ga shi ne, sunan kawai ya rasa. Makonnin farko waje yake fita da su, kowa ya share gabansa ya lallaɓe yashi da tafin hannu, a yi sanduna, a yi da'ira, a yi gada, da yatsa tukuna sannan da tsinke. Ya bi masu kanti yana roƙon kwalin sukari da na shayi, ya yanka siffar tulu da kifi da ganye, yara su ɗora kan allo su bi baki da alli su cika ciki. Gindin kofin shayi shi ne abin zana da'irarsa. Launi kuwa daga abin da ke akwai: gawayi, jar ƙasa da aka dama, ruwan zoɓo, ɗanyen ganyen wake da ake murzawa a takardar siminti ya bar kore. Kwalin kala ɗaya da ya taɓa saya da kuɗinsa, reza ya sa ya raba kowane fensir gida uku don ya zagaya.

Da na ba madam wannan labari ina tausaya masa, sai ta ce ai shi ya fi ta daidai. Guntun fensir ba ya da wurin da za a dunƙule shi a tafi, dole yatsu uku su kama. Ta ce masu aikin gyaran hannun yara a ƙasashen da kala ba ta da tsada, da gangan suke karya ta kafin su miƙa. Na kawo wannan majalisa, mai ƴaƴa goma sha ɗaya a cikinmu ya buga ƙirji ya ce shi shekara ashirin yana wannan ilimi, mutane na ce masa marowaci.

Akwai kuma abin da ba a yi masa raha. Hannun da bai karya kumallo ba rawa yake yi. Duk ɗan Magarya ya san yadda sashen yara na asibitin gari ke cika cikin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, kuma tun 2005 ƙungiyar likitocin nan ta MSF take aikin tamowa a nan. Yaron da ya sha wannan jinya yakan yi jinkirin zama, jinkirin tafiya, jinkirin kama abu. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa da yi wa irin waɗannan yara wasa suna farfaɗowa, a ba su abin ɗauka da abin sakawa cikin gwangwani, ba a tsaya ga abinci da magani kaɗai ba. Mushen Dungas ya ce a ajinsa yana gane su tun ranar farko, daga yadda alli ke suɓucewa. Waɗannan ba ya matsa musu. Tsakuwa yake ba su da ƙwallon magarya su riƙa jerawa.

Bayan duk wannan yawo na zance, na ƙudura zan girmama shuɗiyar akuya. Darekta ya ce a liƙa aikin yaro a bango ya gani, yana ƙara masa ƙwazo. Na buɗe akwatin ƙarfe, don ni ma ina cikin masu kwaɗon, na fito da kwalin na ba Auta, saura takwas a ciki, ban tambayi kowa ba. Na ajiye takardar a kan tabarma na shiga ɗaki neman ƙusa.

Ina fitowa na tarar da jar akuyar Inna tsaye a kan tabarma, ido a lumshe, tana tauna. Abin da ya rage a bakinta ƙafa biyu ne da ƴar wutsiya, su ma ina kallo suka shige. Leɓenta ya yi shuɗi.

Auta ya fasa ihu. Inna ta fito da sauri ɗankwali a hannu, ta dubi akuya, ta dubi yaro, ta ce, "Yi shiru maigida, kishi ne, ta ga an yi wa wata rini ita ba a yi mata ba." Bai yi shiru ba. Sai ta juya wajen murhu, ta tono wani dogon gawayi ta hure tokar, ta karya shi biyu, ta kama hannunsa ta kai shi jikin katangar da ta zane shi a kanta da tsintsiya makon jiya.

"Zana wata a nan," ta ce. "Mu ga ta inda za ta fara ci."